Kusan shekara biyu tana shan maganin sanyi, ashe tsargiya ce: yadda gwajin ADN ya gano ciwon wata mata a Damagaram

Asalinta da inda ta taso

Matar shekarunta 24 lokacin da aka gano ciwon. Ba zan faɗi sunanta ba, ko unguwarsu, ko gidan likitan da take zuwa, ita da kanta ta yarda a ba da labarin dan wasu mata su amfana amma ta ce a sakaya. Ni aikin labo nake yi, ta nan na san lamarin, sauran kuma daga bakinta ne da bakin sajfam ɗin, wato ungozomar likita, da ta riƙa duba ta da kuma abin da ke rubuce cikin karnenta na likita.

An haife ta a wani ƙauye kudu da Zinder, wato Damagaram, cikin kwarin Korama, irin wuraren nan da ruwa ke kwanciya a fadama har cikin rani, ana rake ana garake na kayan miya. Duk wanda ya san yankin ya san aikin ɗiya mace a can, wanki a bakin tabki, wanke-wanke, ɗiban ruwa, ban ruwa a garka, ga wankan ƙanne, ƙafarta na cikin ruwa tun tana ƙarama har ranar da aka kai ta ɗaki. Lakwal ba ta yi ba sai makarantar allo. Wannan yana da muhimmanci, dan Nijar ta soma rabon maganin tsargiya ga jama'a tun 2004 kuma yaran lakwal su suka fi samu, ita ta ce ba ta tuna ranar da aka tsai da ita jikin sandar awon tsawo aka ba ta manyan ƙwayoyin nan farare ba. Ta tuna dai yayyenta maza sun yi fitsarin jini, manya na cewa zafin rana ne zai wuce, ita ma ta ɗan gani tana wajen shekara 10 sai ya ɗauke, ba wanda ya sake maganar.

An yi mata aure 2019 ta dawo cikin gari, ta haihu ɗaya a 2020. Tana zuwa ƙauye ganin gida lokacin kaka da sallah, in ta je kuma tabkin nan dai shi ne wurin wanki.

Farkon 2022: yadda abin ya soma

Ya soma da farin ruwa mai yawa da ƙaiƙayin gaba, sai ciwon mara da ba ya tsananta amma ba ya barin ta. Bayan wata biyu haka sai ta soma jin zafi wurin kwanciyar aure, wani lokaci kuma ta ga ɗan jini bayan saduwa alhali ba lokacin al'adarta ba ne. Fitsarinta kuwa fes, ba ja ba komi. Ta yaye yaro, ba ta shan komi na tsarin iyali, amma ciki bai zo ba.

Maris 2022 zuwa Mayu 2023: maganin sanyi, zagaye bayan zagaye

Zuwanta na farko likita a watan Maris 2022 an yi abin da aka saba, mace ta zo da farin ruwa da ciwon mara, ba a da kayan binciken kowace ƙwayar cuta, to ana bin alamomi ne a haɗa magungunan da za su rufe cututtukan da aka fi zato. Aka rubuta mata ordinas, doxycycline na kwanaki, metronidazole, allura guda, da ƙwayar da ake sawa a gaba saboda ƙaiƙayi. Aka ce ta kawo maigida shi ma ya sha. Ya sha amma ransa bai so ba, ya ce shi lafiyarsa lau, daga ranar kuma wata magana ta shiga gidan wadda ba a furta ta a fili.

Ta ɗan ji dama sati biyu ko ukku sai komi ya dawo. Aka sake zagaye a watan Yuli, aka sake a watan Disamba da wasu magungunan daban. Tsakanin nan ta sayi na masu tallar magani a kai, ta zauna cikin ruwan bagaruwa, ta sha sassaƙe iri-iri da uwar miji ta aiko, kowace maƙwabciya da nata maganin sanyin mata da ta rantse a kansa. An yi mata awon sida ba ta da shi, an yi na tunjere ba ta da shi.

A watan Fabrairu 2023 aka duba bakin mahaifa da ƙarfen dubawa. Sajfam ta rubuta cewa wurin ya yi ja, yana fidda jini da an taɓa, kuma akwai wasu tabo masu launin ƙasa-ƙasa zuwa ɗorawa. Aka shafa ruwan binegar irin na neman alamun kansar bakin mahaifa, sakamakon bai fito sarai ba. Kalmar kansa ta isa gida kafin ita ta isa, watannin da suka biyo ta ce ko barci ba ta iya yi, ga kuɗi sun tafi ga maganar ƙarin aure ta taso saboda shirun haihuwa.

Yuni 2023: an tuna da tabki amma madubi bai ga ƙwai ba

Sajfam ɗin ta samu wani ɗan littafin hotuna da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2015 kan tsargiyar gaban mata, ta ga tabon da ke ciki sun yi kama da wanda ta gani. Da matar ta dawo sai ta yi mata tambayar da ba wanda ya taɓa yi mata cikin wata goma sha biyar.

"Ƙanwata, a ina kika girma? Akwai tabki garinku?"

"Akwai Madam, a nan muke wanki."

"Kin taɓa fitsarin jini?"

"Tun ina yarinya ne, ya daɗe da wucewa. Ai wannan ciwon maza ne Madam."

Ga yadda tsargiya take dan a gane abin da ya biyo baya. Tsutsa ce, sunanta na likita Schistosoma haematobium, wani likita Bajamushe Theodor Bilharz ya fara ganinta a Alƙahira 1851. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga wani ƙaramin dodon koɗi na tabki da ake kira Bulinus, ya hayayyafa a ciki sati huɗu zuwa shidda, sannan ya fito cikin ruwa ya huda fatar duk wanda ya shiga, ba sai an sha ruwan ba. A jikin mutum tsutsar tana girma ta zauna mace da namiji cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara da mahaifa, tana shekara ukku zuwa biyar ko fiye tana zuba ƙwai kullum. Wasu ƙwayayen su ratsa bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Wasu kuma su maƙale cikin nama, a mace su maƙale a bakin mahaifa da gaba da hanyoyin ƙwan haihuwa, jiki ya yi ta faɗa da su wurin ya kumbura ya yi tabo. Ana ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke da wannan a Afirka kudu da Sahara, kuma bincike ya nuna yana ƙara haɗarin ɗaukar sida saboda fatar wurin ta riga ta raunana.

Aka turo ta labo. Takardar awon fitsari da ake tsomawa ta nuna alamar jini kaɗan ƙwarai. Fitsarin farko na safe ne, aka juya shi aka duba gindin a madubin labo mai ƙara girman abu, ba ƙwai. Aka ce ta dawo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana dan lokacin ne ƙwai ya fi fita, aka tace mililita 10 ta matata kamar yadda ƙa'ida ta ce, aka duba, babu. Aka sake a wata rana, babu. Ƙwan tsargiya ba ya ɓuya in yana nan, dogo ne da 'yar ƙaya a gindinsa, yaro ɗan shekara 10 mai ciwon sosai sai ka ƙirga fiye da 50 a mililita 10, wanda shi ne ma'aunin da OMS ke kira ciwo mai nauyi. Amma babba wanda ya daɗe da ciwon ƙwan da yake fitarwa kaɗan ne, yau a samu ɗaya gobe babu, kuma wanda ya maƙale a bakin mahaifa ba ta fitsari zai fito ba.

Takarda ta fita da "ba a ga ƙwai ba". Wanda ke rubuta magani ya ce tunda analiz bai nuna ba ba zai rubuta praziquantel, maganin tsargiya, ba, maganin ma babu shi a kantin gidan likitan dan na kamfen ne ake kawowa a raba ma yara a tafi. Maigida kuma ya ce ya gaji da sayen magani a kan zato. Ta koma gida da wani zagayen maganin sanyi.

Oktoba 2023: zuwan akwatin gwaji

Bayan damina wata tawagar masu bincike ta zo yankin tana gwada wata hanyar neman tsargiya ta ADN, wanda a Najeriya ake ce ma DNA, wato sinadarin gado da ke cikin jikin kowane mai rai, suna son su ga ko za ta yi aiki a ƙananan gidajen likita ba sai an kai babban labo ba. Aikin bincike ne na ɗan lokaci, ba abin da za ka je ka biya a yi maka ba ne. Sajfam ta kira matar ta yi mata bayani, ta je ta shawarci maigida, ta dawo ta dangwala hannu a takardar yarda.

Tun zamanin korona a 2020 kowa ya ji sunan PCR. Kowane mai rai yana da ADN nasa da ya bambanta shi da saura, tsutsa ma haka, kuma ƙwanta da ɓarɓashin jikinta suna barin ADN a fitsari da ruwan gaba ko da ido bai ga ƙwai ba, sai dai ya yi kaɗan ƙwarai. Kamar tsabar gero guda ce cikin buhun rairayi, in ka ce za ka tone ka gan ta sai ka wuni, amma zuba rairayin a ƙasa ka ba shi ruwa, in tana ciki za ta tsiro ta yi zangarniya kowa ya gani. Gwajin haka yake yi, yana kama wani guntun ADN na tsutsar ya yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gani. Kary Mullis ɗan Amurka ya ƙirƙiro PCR a 1983 ya samu kyautar Nobel 1993. Matsalarsa ga irinmu ita ce sai da inji mai hawa da saukar zafi, ya kai digiri 95 ya sauko wajen 55 ko 60 ya koma 72, haka sau 30 zuwa 40, kowane zagaye adadin ya ninka, zagaye 30 ya kai kwafi wajen biliyan ɗaya. Injin na da tsada kuma yana son kurran da ba ya yankewa.

Wanda tawagar ta zo da shi sunansa LAMP, Notomi da abokan aikinsa suka fitar da shi a Japan shekarar 2000. Shi zafi ɗaya yake so, digiri 60 zuwa 65, ya tsaya a nan kawai, saboda anzim ɗin, wato sinadarin da ke kwafar, Bst, da kansa yake buɗe igiyar ADN yana tafiya ba sai an dafa ta ta rabu ba. Ana zuba wasu 'yan guntayen ADN da aka ƙera guda huɗu zuwa shidda, su ne 'yan jagora, ba sa kama komi sai wurin da aka yi su dominsa. Wurin da aka nufa a nan ana ce mai Dra1, guntu ne mai harufa 121 da ya maimaitu sosai har ana ƙiyasta ya kai wajen kashi 15 cikin 100 na dukan ADN ɗin tsutsar, shi ya sa ko ɓarɓashi kaɗan ya isa. Duka haɗin mikrolita 25 ne, bai kai ɗigon ruwa ɗaya ba, cikin 'yar kwalbar roba mai murfi. An sa mai launi a ciki, da farko ruwan hoda ne, in kwafi ya yi yawa ruwan yana yin tsami sai launin ya koma ruwan ɗorawa, cikin minti 40 zuwa awa ɗaya. 

Kayan duka akwati guda ne, ɗan murhun ƙarfe mai riƙe zafi da ke aiki da batir, fanon sola, abin juya fitsari, abin ɗibar ruwa ƙanƙani, safar hannu. An karɓi fitsarinta na tsakar rana mililita 10, da auduga mai sanda da aka shafo daga gaba. An ba ta zaɓi ko sajfam ta ɗauka ko ta ɗauka da kanta, dan wani bincike da aka yi a Zambiya aka buga 2020 ya nuna mata na iya ɗauka da kansu kuma da yawa sun fi son haka. Ta zaɓi Madam ta ɗauka tunda ta saba da ita.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: abubuwan da suka ƙi

Kowane zubi ana sa kwalabe biyu na shaida. Ɗaya an san akwai ADN ɗin tsutsa ciki, dole ta juya ɗorawa. Ɗaya ruwa ne zalla, dole ta tsaya hoda. In ɗayansu ta saɓa to zubin gaba ɗaya ya ɓaci, ko me kwalbar majinyaci ta nuna ba a rubutawa.

Abu na farko da ya ƙi shi ne sanyi. Haɗin da suka zo da shi na ruwa ne, wurin ajiyarsa digiri 20 ƙasa da sifili. Lokacin kuwa kowa a Damagaram ya san halin da ake ciki, tun Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Firigo ya yi ta narkewa yana sake daskarewa. Da aka yi zubi awa ɗaya ta cika ba kwalbar da ta juya har da shaidar da aka san akwai tsutsa ciki, anzim ya mutu. In da ba a sa shaidar nan ba da an rubuta ma kowa "babu" a ranar, har da ita. Aka jira sabon haɗi daga Yamai, tafiyar wajen kilomita 900 cikin kula mai ƙanƙara, aka nemi wuri a wani firigo mai sola. Ragowar fitsarin da audugar an riga an tsamo ADN ɗinsu an ajiye.

Na biyu shi ne akasin haka, duka kwalabe suka juya ɗorawa har da ta ruwa zalla. Da aka bi sawu sai aka gane an buɗe wata kwalbar da ta riga ta juya a kan teburin da ake haɗi, dan a nuna ma masu kallo. Kwalba ɗaya da ta juya tana ɗauke da kwafi biliyoyi, da an ɓalle murfin suna tashi cikin iska su sauka kan tebur da safar hannu da abin ɗiba, ga hunturu ya fara ga fanka na kaɗawa. Ƙarfin gwajin shi ne ya zama rauninsa a nan, tunda ɓarɓashi kaɗan ya ishe shi. Aka goge ko'ina da ruwan jabel, aka raba aikin wuri ukku, ɗaki ɗaya na haɗi, wani na zuba samfur, murhu da karatun launi kuma can waje a rumfa, wanda ya je rumfa ba ya komawa ɗakin haɗi a ranar. Kwalbar da ta shiga murhu ba a sake buɗe ta, ana ƙulle ta a leda a ƙona.

Na ukku ƙarami ne amma yana ruɗarwa. Tawagar ta so ta gwada gajeriyar hanya, a dafa gindin fitsari kawai a zuba ba tare da wanke ADN ba dan a rage kuɗi da lokaci. Wasu kwalabe sai suka juya ɗorawa nan take tun kafin su shiga murhu. Launin tsami yake bi, fitsarin wasu kuma dama da tsaminsa, sai ya juya launin ba tare da an kwafi komi ba. Aka koma tsamo ADN da 'yan matatai na musamman ana wankewa, aka kuma sa doka a duba launi a rubuta kafin a sa a murhu.

Tsakiyar Nuwamba 2023: sakamako da magani

Zubin da shaidu biyu suka tsaya daidai, kwalbar audugarta ta juya ɗorawa sarai kafin minti 40, ta fitsarin ma ta juya amma a makare. Aka maimaita da sabon samfur a wata rana ya ba da abu ɗaya. An aika wani kashi zuwa wani babban labo a Yamai dan a tabbatar da PCR, amsar ta dawo bayan makonni ita ma ta nuna akwai, amma ba a jira ta ba. An nemi fitsarin maigida shi ma, dan namiji mai tsargiya ƙwai na iya fita cikin maniyyinsa ya bar ADN a jikin matarsa, nasa bai juya ba, shi tashin cikin gari ne.

Sajfam ta zaunar da su biyu ta yi bayani.

"Malam, wannan ciwon ba daga kai ba ne, ba kuma daga wani namiji ba. Tsutsar ruwa ce, tun tana gidansu ta ɗauka."

Ya daɗe yana kallon takardar, abin da ya tambaya kawai shi ne ko yaronsu zai iya ɗauka a nono ko a kwano. Aka ce a'a, sai in ya shiga ruwan da ke da dodon koɗin.

Nauyinta kilo 52. Praziquantel miligiram 40 ne a kowane kilo, ya kama 2080, ƙwaya ɗaya 600 ce, aka ba ta ukku da rabi lokaci guda bayan ta ci tuwo. Ta yi jiri da murɗar ciki da tashin zuciya a ranar, washegari ta warware. Bayan sati huɗu aka sake ba ta irin wannan, saboda maganin manyan tsutsotsi yake kashewa ba ya kama ƙanana da ba su gama girma ba, ita kuma ta je ƙauye da kaka ta shiga tabki. Aka gaya mata in ta je gida ta yi wanki da ruwan rijiya ko na fanfo, in dole sai na tabki a ɗebo a ajiye kwana biyu kafin a taɓa, abin da ke huda fatar ba ya wuce haka da rai in bai samu mutum ba.

Fabrairu zuwa Yuni 2024: bibiya

A wata na ukku ƙaiƙayi ya tafi, farin ruwa ya ragu sosai, jinin bayan saduwa sau ɗaya ta gani. Takardar fitsari ba ta nuna jini ba. Ba a yi gwajin ADN a lokacin ba da gangan, dan gwajin ba ya bambance ƙwai mai rai da matacce, wanda ya maƙale cikin nama zai iya ci gaba da ba da ADN bayan tsutsar ta mutu.

A wata na shidda tawagar ta dawo zagayen ƙarshe, fitsari da auduga duka suka tsaya hoda. Ciwon mara ya zama sai jefi-jefi. Amma da aka duba bakin mahaifa tabon nan masu launin rairayi suna nan, sun ɗan dushe kawai, jan da zubar jinin ne suka ragu. An sake awon kansar bakin mahaifa bai nuna komi ba. Ciki bai zo ba har zuwa Yuni 2024, aka tura ta wurin likitan mata a duba ko hanyoyin ƙwan haihuwa sun toshe. Maganar zargi ta mutu a gidan, wannan ita ta faɗa da bakinta.

Abin da na gani a cikin lamarin

Gwajin ya yi abin da madubi ya kasa, kuma dalilin a fili yake, madubi sai ƙwai ya faɗo cikin mililita 10 ɗin da aka tace, shi kuwa LAMP ɓarɓashi yake nema ya ninka, kuma an ɗauko samfur daga inda ciwon yake. Ga babbar mace mai tsohon ciwo wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Ya kuma yi wani aikin da ba a rubuta cikin takardun bincike, ya ba ta hujja a hannu gaban miji da dangin miji, a garin da kalmar sanyi ke iya kashe aure.

Amma ni a ganina ba a Nuwamba ya kamata ta warke ba, a Yuni ne. Mace ta tashi a bakin tabki, ta yi fitsarin jini tana yarinya, ga tabo a bakin mahaifa, ga maganin sanyi ya ƙi har sau ukku, wannan ya isa a ba ta praziquantel ko madubi ya ga ƙwai ko bai gani ba. Magani ne da aka daɗe da sani tun shekarun 1970, sha ɗaya ne, OMS ta yarda a ba har masu ciki da masu shayarwa, kuma ƙa'idarta ta 2022 ta ce inda ciwon ya kai kashi 10 cikin 100 a ba kowa daga shekara 2 zuwa sama, ba yaran lakwal kaɗai ba. "Ba a ga ƙwai ba" aka karanta kamar "babu tsargiya", wata biyar suka tafi a kan wannan, kuma kowane wata ƙwai na ƙara maƙalewa inda magani ba ya goge tabonsa.

Ba na kuma son a ɗauka akwatin nan abin a sa a kowane ƙaramin gidan likita ne gobe. Sai da mutanen da suka ƙware suka yi ta faɗuwa kafin zubi ɗaya ya tsaya, kuma abin da ya cece su shaidun nan biyu ne da kuma haƙurin zubar da sakamakon da ya ɓaci. A hannun wanda ke gaggawa ko yake tsumulmular kwalba, gwajin zai ba da amsar ƙarya da launi mai kyau wanda kowa zai yarda da shi. Haɗin da aka busar ya zama gari, wanda ba ya neman firigo, shi ya dace da zafinmu, na ruwa bai dace ba. Launi kuma e ko a'a yake faɗi, ba ya ƙirga nauyin ciwo kamar yadda madubi ke ƙirga ƙwai, kuma Dra1 ba ya raba tsutsar mutum da 'yar uwarta ta shanu, Schistosoma bovis, wanda ke da muhimmanci in dodon koɗin tabkin da dabbobi ke sha ake gwadawa. Inda nake ganin amfaninsa na gaske shi ne irin matar nan da alamu suka rikice, da kuma ƙauyukan da aka daɗe ana rabon magani har ƙwai ya yi ƙaranci ana son a san ko ciwon ya tafi ko ya ɓuya ne.

Tawagar ta tafi da akwatinta a watan Yuni 2024. Sajfam ɗin yanzu duk macen da ta zo da farin ruwa da ciwon mara sai ta tambaye ta garin da ta girma da ruwan da take wanki, kuma ta rubuta buƙatar a riƙa ajiye praziquantel a kantin gidan likitan saboda manyan mata, ba sai ranar kamfen ba. Ƙannen matar biyu mata suna ƙauye, ta ce za ta kawo su a duba su bayan an gama girbi.